Gayya a Cikin Wayar Hannu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bodinga ko Shagari, ya taɓa saɓa hauya ya bi 'yan gayya zuwa gonar wani, to ya riga ya san fiye da rabin abin da yaranmu ke yi idan sun duƙufa a kan waya da dare suna kiran juna da sunayen da ba mu muka raɗa musu ba. Wasu iyaye kallon shirme suke yi wa abin, wasu kallon annoba. Ni dai na zauna kusa da masu yi, na kasa kunne, na sa sun yi mini bayani dalla-dalla, kuma ban ga abin da ya yi kama da shi a rayuwarmu kamar gayyar noma ba.

Amma a fara rarrabewa, don wasannin waya iri-iri ne. Yawancin samarin da za ka tarar a rumfunan cajin waya a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya miƙe Tambuwal da Jega, ƙwallo suke bugawa, ko wasannin harbe-harbe irin su Free Fire da PUBG da Call of Duty, waɗanda ake gama zagaye ɗaya cikin 'yan mintoci kowa ya kama gabansa. Wanda nake magana a kansa daban ne, kuma masu yin sa a wajenmu ba su kai waɗancan yawa ba. A cikinsa mutum yakan ƙirƙiri wani ɗan taliki da zai tsaya a madadinsa, ya sa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi, ko maharbi, ko mai magani, ko maƙeri. Sai ya shiga da shi wata duniya ta zane mai garuruwa da dazuzzuka da kasuwanni, inda dubban mutane na gaske daga ƙasashe daban-daban ke yawo da nasu. Ɗan talikin nan girma yake yi a hankali. Abin da ya tara jiya zai tarar da shi yau, haka ma mutumin da ya ɓata wa rai jiya.

Asalin abin ya girmi intanet ɗin da muka sani. A 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wanda abokai ke yi a kan tebur da takarda da fensir. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila ya fara rubuta irinsa na kwamfuta, wanda babu ko hoto a cikinsa sai rubutu zalla. Daga nan aka samu Ultima Online a 1997, da EverQuest a 1999, sai World of Warcraft a 2004, wanda a 2010 masu biyan kuɗin shigarsa duk wata suka kai miliyan 12. Duk wannan ya wuce mu, domin yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya da kuɗin waje. Sai da wasannin suka sauko cikin wayar hannu sannan suka iso mu: Old School RuneScape a 2018, Genshin Impact a 2020, Albion Online a 2021.

To, ina gayya a nan?

Ana kiran gayya ne idan aiki ya fi ƙarfin mai shi. Ciyawa ta taso wa gero, ruwa bai tsaya ba, mai gona da 'ya'yansa ba za su iya cim mata ba kafin ta shaƙe shuka. Sai ya raba goro, a sa rana. Haka ake yi wa mara lafiya, da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, haka saurayi ke tara abokansa su je gonar surukinsa. Masu tsara waɗannan wasanni da gangan suke ajiye ayyukan da mutum ɗaya ba zai iya ba. Akwai kogo, a ƙarshensa akwai dodo, kuma komai ƙarfinka idan ka shiga kai kaɗai gawarka za a gani. Dole ka nemi mutane, ka roƙe su, ku sa lokaci. A farkon World of Warcraft akwai dodannin da sai mutum 40 sun taru a lokaci guda kafin a tunkare su. Ka yi tunanin wahalar tara mutum 40 daga garuruwa daban-daban a sa'a ɗaya, kowa da uzurinsa, sannan ka tuna wahalar da sarkin samari ke sha kafin ranar gayya.

Idan an taru kuma, ba kowa ke aiki iri ɗaya ba. A ƙaramin kogo na wancan wasa mutum biyar ke shiga. Ɗaya mai garkuwa ne, yaran na ce masa tanki, aikinsa ya tsokani dodo ya jawo fushinsa kansa, ya tsaya ya sha duka don kada a taɓa sauran. Uku masu sara ne da harbi. Na biyar mai magani ne, yana can baya, ba ya ko kallon dodo sosai, idonsa na kan jinin abokansa, wanda ya ga ya yi ƙasa sai ya ɗago shi.

Wannan na biyar shi ya fi tsaya mini a rai. A wurin gayya, idan makaɗa suka saki gangar noma, wa suke wasawa? Jarumin da ke kan gaba, wanda ya fara kai kuyyarsa ƙarshen gona ya juyo yana kirari. Babu makaɗin da ke ambaton yarinyar da ta ɗauko tulun ruwa tun daga rijiya a cikin rana, ko matan da suka kwana suna daka suna dama fura. Amma a bar ruwan nan ya makara, a ga ko jarumin zai kai azahar a tsaye. A wasan ma haka ne. Idan an gama, allo yakan nuna wanda ya fi kowa sara, a yi ta yaba masa. Idan kuwa aka sha kashi, mai magani ake fara zargi. Shi ya sa masu son wannan aiki ba su da yawa, kuma ƙungiyar da ta samu nagari takan riƙe shi gam. Ɗan ƙanwata da ke zaune a Bodinga wannan aikin ya zaɓa, kuma da na fahimci abin da ake nufi da shi sai na ƙara ganin girman yaron. Wata rana na aike shi yana tsakiyar wasa, ya ce mini, "Kawu, yi man haƙuri kaɗan don Allah. In na hita yanzu mutum huɗu na kashe." Na so in yi faɗa, amma na tuna cewa ni ma ba zan ajiye hauya a tsakiyar kuyya in bar abokan gayya ba, sai dai in gobara aka yi.

Akwai kuma mai gaggawa, wanda kowace gayya ke da irinsa: ya ruga gaba don makaɗa su gan shi, ya bar ciyawa a tsaye a bayansa, wasu su zo su maimaita aikin. 'Yan wasa a duniya suna da suna guda da suke kiran irin wannan mutum da shi, Leeroy Jenkins, daga wani bidiyo da ya bazu a 2005, inda ana cikin tsara dabara wani ya afka ɗakin dodanni yana ihu, ya jawo aka hallaka su gaba ɗaya.

Abin da ke riƙe da gayya kuwa bashi ne, ko da ba a faɗa da baki. Ka zo gonata yau, ina nan tafe taka gobe. Babu littafin da ake rubutawa, amma gari ba ya mantuwa. Wanda ya saba cin furar gayya ya sulale, ko kullum in an kira sai ya ce kansa ke ciwo, ranar da ya raba nasa goro zai ga masu zuwa. Turawan da ke wasan EverQuest ba su da wannan gata na zaman gari ɗaya, saboda haka a 1999 wata ƙungiyarsu mai suna Afterlife ta ƙirƙiro lissafin maki da ake kira DKP: duk wanda ya halarci kisan dodo a rubuta masa maki, idan ganima ta faɗo mai maki da yawa shi ke da haƙƙin ɗauka. Wato abin da tsofaffinmu ke riƙewa a ka, su sai da suka zana masa jadawali. A Genshin Impact kuma, wanda kamfanin miHoYo na birnin Shanghai ya yi, mutum huɗu ne ke iya haɗuwa, kuma a duniyar ɗayansu ake haɗuwar. Baƙi za su taya shi faɗa, amma akwatunan dukiyar da ke cikin duniyarsa ba za su buɗu a hannunsu ba, nasa ne shi kaɗai. Ɗan gayya ma ba ya komawa gida da damin geron mai gona. Abin da yake komawa da shi shi ne tabbacin cewa ranar tasa za a zo.

Yaron Bodinga ko Shagari yana shiga wannan gayya ne da nauyin da abokin wasansa na Jamus ko Brazil bai san da shi ba. Na farko waya. Genshin Impact kaɗai yana cin fiye da gigabait 20, ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun yaranmu ba sa ɗaukarsa, shi ya sa masu sauƙin nauyi suka fi karɓuwa. Na biyu caji, wanda sai an kai rumfa an biya, ko a dogara da ɗan faifan sola da fawa bank. Na uku data, wadda ta ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Na huɗu nisa. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da waɗannan duniyoyi ba a nan suke ba. Ta Albion Online mafi kusa da mu tana Amsterdam, kuma sai a 2024 aka buɗe ta. Duk taɓa allo da yaro ya yi a Sifawa sai saƙon ya bi eriya, ya gangara Legas, ya shiga wayar da ke kwance a ƙarƙashin teku, ya je Turai ya dawo. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma a tsakiyar faɗa ya isa a kashe mutum. A ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin wayoyin nan suka lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa, intanet ya tsuke a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da tamu.

Albion kuwa ba shi da sassauci: a wasu yankunansa, idan aka kashe ka, duk abin da ke jikinka da jakarka ya zama na wanda ya kashe ka. Yaro zai yi makonni yana sarar itace yana haƙar ma'adini yana ƙera sulke, netwok ya ɗauke na ɗan lokaci, ya dawo ya tarar an yi masa tsirara. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne zagin abokan tafiya na waje, waɗanda ke ɗauka da gangan ya gudu ya bar su. Na ji takaicin wannan a muryar yaran, kuma takaici ne na mutumin da aka ce masa maci amana alhali bai ci ba.

Wannan ya sa suka fi son yin ƙungiya da 'yan gida, waɗanda in an ce "an ɗauke wuta" ko "data ta ƙare" ba sai an yi dogon bayani ba. A nan ne na ga amfanin abin da idona. Ƙasarmu ƙasar ci-rani ce. Da an kai amfanin gona gida, samari sai su watsu, wani Legas, wani Ibadan, wani Fatakwal, wani Abuja, wasu kuma makaranta, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani wuri. A da sai damina ta kawo su ake sake ganin juna. Yanzu ɗan Danchadi da ke sayar da kaya a Legas, da abokinsa da ya rage a Dandin Mahe, da ɗalibin da ke cikin Sakkwato, duk suna haɗuwa bayan sallar isha'i a bakin kogo ɗaya. Kafin a shiga ana gaisawa, a tambayi jikin Inna, a ji nawa buhun albasa ya kai, a ji wa aka sa wa rana. Kiran waya na gaisuwa minti biyu ne ya ƙare, don maza ba su iya dogon zance haka kawai ba. Amma a ba su aikin da za su yi tare, sai baki ya buɗe, kamar yadda hira ta fi daɗi a kan kuyya fiye da a zaure.

Har Turancinsu ya ƙaru, don dole su karanta umarni su yi ciniki a kasuwar wasan. Wasu sun koyi lissafin riba da faɗuwa a can fiye da yadda suka koya a aji.

Sai dai akwai inda gayya da wasan suka raba hanya, kuma a nan damuwata take. Gona tana da iyaka. Idan an kai kuyyar ƙarshe an gama, a zauna a inuwa a sha fura, mai gona ya yi godiya, a yi addu'a, kowa ya tafi gida. Wannan gonar ta waya an yi ta ne don kada ta ƙare. A World of Warcraft manyan dodannin da aka kashe a wannan mako, mako mai zuwa sun tashi, ranar Talata a Amurka, ranar Laraba a Turai. Yawancin wasannin suna da aikin kullum wanda in ka tsallake rana ka yi asarar ladansa. Wannan amana da na yaba, ta rashin son barin abokai, ita ce igiyar da kamfani ke ja. Yaro ba don dodo yake kasa ajiye waya ba, don mutum huɗun nan ne da ke jiransa. Masu tsara wasan sun san haka sarai.

Kuma gonar ba tasu ba ce. A watan Janairun 2023, da yarjejeniya ta ƙare tsakanin kamfanin Blizzard na Amurka da NetEase na Sin, an rufe World of Warcraft a ƙasar Sin baki ɗaya, mutanen da suka shekara fiye da goma suna tara kaya suka wayi gari ƙofa a kulle, sai a 2024 aka sake buɗewa. Mai gero a rumbu ba ya kwana da irin wannan fargaba.

Ga kuma batun kuɗi. Da yawa daga wasannin waya kyauta ake shiga, amma a ciki akwai ƙuri'a. A Genshin Impact, damar samun jarumi mafi daraja a ja ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100, ko da yake an ba da tabbacin samu kafin a wuce ja 90. Ana iya tara kuɗin jan a cikin wasa a hankali, ana kuma iya saye da kuɗi na gaske. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a irin waɗannan da ake saye da kuɗi caca ne. Ni ma a ganina duk abin da za ka ba da kuɗinka ba ka san me za ka samu ba, kana fatan sa'a, ya shiga gonar da addininmu ya hana, kuma ya kamata malamanmu su san da shi su yi magana a kansa da ilimi, su bambance shi da wasan kansa. Ita ƙasar Sin, inda aka yi Genshin Impact, tun a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasa cikin jerin cututtukanta, amma da sharaɗi: sai ya kai ga mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci a ɗauki kamar shekara ana haka. Ba duk yaron da ke riƙe da waya ne mara lafiya ba.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne, gayya ta gaske tana ja da baya a garuruwanmu. Mai hali yanzu 'yan ƙwadago yake ɗauka ya biya su da yamma, ko ya sa maganin feshi, babu bashin kowa a kansa. Wanda ba shi da hali kuma ya rasa masu zuwa. A wasan ma wannan cuta ta shiga: akwai masu biyan ƙwararru su ratsa da su kogo, su kwashi ganima ba tare da sun san sunan kowa ba, kuma 'yan wasa na gaske suna raina wannan kamar yadda dattawa ke raina wanda ya mai da komai kuɗi. Ke nan ƙishin yin aiki tare bai mutu a zukatan yaran nan ba. Mu ne muka daina kiransu, wasu can a Shanghai da sauran biranen waje suka kira su suka amsa.

Don haka idan uba ya tambaye ni ko ya ƙwace wayar, nakan ce ya fara zama ya tambayi ɗansa: da su wa kake yi, mene ne aikinka a cikinsu, wa ke sa lokaci, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Ya duba hotunan da ke ciki, don wasu wasannin akwai shigar da ba ta dace ba. Ya tabbatar kuɗi ba sa fita zuwa ƙuri'a, salla ba ta wucewa, kuma baƙon da ba a sani ba ba ya neman lambar asusu ko hoton gida. Idan yaron ya iya amsa waɗannan ido cikin ido, to a taimaka masa da abin da wasan ba zai ba shi ba, wato lokacin tashi.

Wannan kuwa ya fi sauƙi idan ƙungiyar ce gaba ɗaya ta yarda, don yaro ɗaya ba zai iya tashi ya bar saura ba. Su ɗan ƙanwata sun gwada. Da damina ta kankama, aikin gona ya haɗu da dogon hutun makaranta, 'yan ci-rani suka dawo, sai suka yanke cewa ba za a shiga kogo ba sai daren Alhamis da daren Juma'a, kuma da ƙarfe goma sha ɗaya ta yi an rufe, ko dodo ya mutu ko bai mutu ba, saboda da asuba akwai gona. Akwai wasu 'yan ƙasar waje biyu a cikinsu da ba su yarda da tsarin ba, suka fita suka koma wata ƙungiya. Yaran sun ji zafin rabuwar, musamman da ɗayan shi ne mai garkuwarsu. Sun samu wani ɗan Yabo ya maye gurbinsa, amma ɗan talikinsa bai yi ƙarfi ba tukuna, saboda haka a makonnin farko sun bar manyan dodanni, suna ta raka shi ƙananan koguna har ya taso.